Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Baitulmali? Jayayyar Sarakunan Ingila da Majalisarsu, 1603 zuwa 1701

(Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman tarihi da ilimin gwamnati na wannan reshe)



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani babi na tarihin duniya wanda sau da yawa ake bi ta kansa da sauri a aji, wato jayayyar da aka yi tsakanin sarakunan Ingila da majalisarsu a ƙarni na 17. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwanmu da rikicin wani tsibiri mai nisa da aka yi kusan shekara 400 da suka wuce? Amsar tana cikin darussan da muke koyarwa kullum. Duk lokacin da muka tsaya gaban allo muka ce ba a karɓar haraji sai da doka, ko gwamnati ba ta kashe kuɗi sai majalisa ta amince da kasafi, ko ba a tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, to sakamakon wannan jayayya muke karanto wa ɗalibai. Yaro kuwa in aka ba shi ƙa'ida ba tare da labarin yadda aka same ta ba, haddacewa zai yi, ya juye ta a takardar jarrabawa, ya manta. In ya san cewa a kanta aka yi yaƙin basasa, har aka sare kan sarki, zai fahimci nauyinta, kuma zai gane ranar da aka taka ta.

Yadda al'amura suke kafin rikici

Lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu a 1603, majalisar Ingila ba ta zama a kai a kai. Mai sarauta ne ke kiranta in ya ga dama, ya sallame ta in ya ga dama. A mulkin Elizabeth na shekara 44, sau 13 kacal majalisa ta zauna. Majalisar zaure biyu gare ta: na Dattawa, inda manyan masu sarauta da bishop-bishop ke zama, da na Wakilai, inda masu filaye da lauyoyi da attajirai ke wakiltar larduna da garuruwa.

Bisa al'ada, sarki zai riƙe kansa da gwamnatinsa daga abin da ya mallaka: kuɗin gonakin sarauta, kuɗin fito, tarar kotu, da wasu haƙƙoƙi na gargajiya irin su riƙon dukiyar marayun manyan gidaje. In kuwa wata babbar bukata ta taso, kamar yaƙi, sai ya kira majalisa ya nemi ta yanka masa haraji. Wannan tsari ya yi aiki muddin kuɗin sarki na isarsa. Amma a ƙarni na 16 farashin kaya ya ninka sau da yawa, yaƙi ya ƙara tsada saboda bindigogi da manyan jiragen ruwa, an kuma sayar da gonakin sarauta masu yawa don biyan bashi. Sarki ya wayi gari kullum yana cikin bukata, majalisa kuwa ta gane cewa bukatarsa ita ce ƙarfinta. Sai ta riƙa cewa a fara sauraron koke-koken jama'a kafin a yi maganar kuɗi. Daga nan tushen rikicin yake.

Sarki James da tawada

James na Ɗaya ya zo ne daga Sikotland, inda ya daɗe yana sarauta. Mutum ne mai karatu, kuma tun a 1598 ya rubuta littafi yana bayyana cewa ikon sarki daga Ubangiji yake, don haka talakawa ba su da hurumin tuhumarsa. A ganinsa, 'yancin majalisa kyauta ce daga magabatansa. 'Yan majalisa kuwa suna ganin gado ne da suka tarar, suna kafa hujja da yarjejeniyar Magna Carta da aka tilasta wa Sarki John a 1215.

A 1606 wani ɗan kasuwa mai suna John Bate ya ƙi biyan ƙarin kuɗin fito da sarki ya ɗora wa zabibi, wato busasshen inabi, ba tare da sanin majalisa ba. Kotu ta ba sarki gaskiya, ta ce tsara cinikin ƙetare na cikin ikonsa. Wannan hukunci ya buɗe ƙofa, aka ɗora irin wannan kuɗi a kan kayayyaki da dama. A 1610 babban wazirinsa, Robert Cecil, ya nemi a yi sulhu: majalisa ta riƙa ba sarki fam 200,000 kowace shekara, shi kuma ya bar wasu haƙƙoƙin gargajiya da jama'a suka tsana. Cinikin bai faɗa ba. Sarki na ganin kuɗin sun yi kaɗan, wakilai kuwa na tsoron in sarki ya wadata ba zai sake kiransu ba. Mu riƙe wannan tsoro nasu, domin shi ne zaren da ya ratsa labarin gaba ɗaya.

A 1621 Majalisar Wakilai ta rubuta a kundinta cewa tana da 'yancin tattauna kowane al'amari na ƙasa. James ya sa aka kawo masa kundin, ya yage shafin da hannunsa, ya sallami majalisar. Duk da haka, a zamaninsa faɗan bai wuce na baki da tawada ba, domin mutum ne da ya san lokacin ja da baya.

Charles na Ɗaya da Takardar Neman Haƙƙi

Ɗansa Charles, wanda ya gaje shi a 1625, bai gaji wannan sassauci ba. Majalisarsa ta farko ta ƙi bin al'adar ba sabon sarki kuɗin fito na tsawon rayuwarsa, ta ce na shekara ɗaya za ta bayar. Ba ta yarda da amininsa ba, wato Duke na Buckingham, wanda yaƙin da ya shirya a kan Sifen a wannan shekara ya ƙare da kunya. Da majalisa ta tashi tuhumar Buckingham a 1626, sarki ya rushe ta, ya koma karɓar abin da aka kira rance, alhali na dole ne, kuma ba wanda ya sa ran za a biya. Aka tsare manyan mutane sama da 70 da suka ƙi bayarwa. Biyar daga cikinsu suka kai ƙara a 1627 suna neman a faɗa musu laifinsu. Amsar da aka ba kotu ita ce, umarnin sarki ne na musamman, alƙalai kuma suka ƙi ba da belinsu.

Yaƙi da Faransa ya tilasta wa Charles kiran wata majalisa a 1628. A nan tsohon alƙalin alƙalai, Sir Edward Coke, wanda James ya tuɓe a 1616 saboda taurin kansa a kan doka, ya jagoranci rubuta Takardar Neman Haƙƙi. Abubuwa huɗu ta ƙunsa: ba haraji ko rance ko kyautar dole sai da yardar majalisa, ba a ɗaure mutum sai an bayyana laifinsa, ba a sauke sojoji a gidajen mutane da ƙarfi, ba a yi wa farar hula hukunci da dokar soja a lokacin zaman lafiya. Sarki ya amince a watan Yuni don yana bukatar kuɗi, sannan ya ci gaba da karɓar kuɗin fito, yana cewa takardar ba ta shafe su ba.

Ranar 2 ga Maris 1629 kakakin majalisa, John Finch, ya tashi zai rufe zama bisa umarnin sarki. Wakilai biyu suka danne shi a kan kujerarsa, aka kulle ƙofa, aka karanta ƙudurori uku, ciki har da wanda ya ce duk mai biyan harajin da majalisa ba ta amince da shi ba maci amanar 'yancin ƙasa ne. Charles ya rushe majalisar. Jagoran wannan yunƙuri, Sir John Eliot, a Hasumiyar Landan ya mutu a tsare a 1632.

Shekara 11 ba majalisa, da shari'ar sule 20

Daga 1629 zuwa 1640 Charles ya yi mulki bai kira majalisa ko sau ɗaya ba. Ya yi sulhu da Faransa da Sifen don rage kashe kuɗi, lauyoyinsa kuma suka shiga tonon tsofaffin dokoki. Suka samo wadda ta ce duk wanda filinsa ke kawo masa fam 40 a shekara ya kamata ya zo a ba shi lakabin Sir a lokacin naɗin sarki, sai aka ci tarar waɗanda ba su zo ba. Aka sayar wa kamfanoni ikon mallakar cinikin wasu kaya su kaɗai, har da sabulu.

Mafi girma a cikin waɗannan dabaru shi ne kuɗin jirgi. Tun da daɗewa, in ana fargabar hari daga teku, garuruwan gaɓa kan ba sarki jiragen ruwa ko kuɗinsu. A 1634 Charles ya nemi wannan kuɗi ba tare da ana yaƙi ba, a 1635 ya faɗaɗa shi zuwa lardunan cikin ƙasa, sannan ya mai da shi na kowace shekara, yana neman kimanin fam 200,000. Wani mai arziki daga lardin Buckinghamshire, John Hampden, ya ƙi biyan sule 20 da aka yanka wa wani filinsa. Ba talauci ya hana shi ba. So yake kotu ta faɗi ko sarki na da wannan iko.

'Yan'uwa, a nan ya kamata mu dakata, domin wannan shari'a ita ce zuciyar darasin. Lauyoyin sarki suka ce idan ƙasa na cikin haɗari, wajibi ne sarki ya kare ta, kuma shi kaɗai ne zai yanke cewa akwai haɗari. Lauyoyin Hampden ba su musanta cewa sarki ne mai tsaron ƙasa ba. Abin da suka ce shi ne, ba wani hari da ya taso bagatatan, akwai isasshen lokacin da za a kira majalisa. Kowane ɓangare na da hujja mai nauyi. Gaskiya ne cewa maƙiyi ba ya jiran a gama muhawara. Amma in mutum ɗaya ne ke da ikon cewa an shiga halin ta-ɓaci, kuma shi ne ke da ikon ɗibar dukiyar mutane saboda halin, to me ya rage wa mai dukiya? A 1638 alƙalai 12 suka yanke hukunci, 7 suka goyi bayan sarki, 5 suka goyi bayan Hampden. Sarki ya ci shari'a, amma ƙarancin ratar ya nuna wa jama'a cewa ko alƙalan da shi ya naɗa, kuma yake iya tuɓewa, ba su gamsu duka ba.

Ga kuma batun addini, wanda ya ƙara wa wutar mai. Charles ya auri Henrietta Maria, 'yar sarautar Faransa mabiyar ɗarikar Katolika. Babban limamin Canterbury da ya naɗa a 1633, William Laud, ya dawo da wasu bukukuwan ibada waɗanda masu tsattsauran ra'ayin Furotesta ke yi wa kallon komawa Katolika. A 1637 kotun sarki ta musamman, Star Chamber, ta sa aka yanke kunnuwan marubuta uku saboda sukar bishop-bishop. A wannan shekarar ce sarki ya tilasta wa mutanen Sikotland sabon littafin addu'a. Suka yi bore a Edinburgh, suka ƙulla alkawarin ƙasa a 1638, suka ɗauki makami.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Yaƙi na bukatar kuɗi, jama'a kuma sun fara ƙin biyan kuɗin jirgi. Charles ya kira majalisa a Afrilun 1640, ta ce sai an fara jin koke, ya rushe ta bayan mako uku. Sojojin Sikotland suka tsallako suka kama Newcastle, aka yi yarjejeniyar biyansu fam 850 kowace rana har a daidaita. Ba shi da inda zai samo su. Ranar 3 ga Nuwamba 1640 wata majalisar ta zauna, wadda tarihi ya sani da Doguwar Majalisa.

Daga gyara zuwa yaƙi

A shekararta ta farko, ƙarƙashin jagorancin John Pym, kan majalisa a haɗe yake. Ta haramta kuɗin jirgi, ta rushe kotun Star Chamber, ta yi dokar cewa dole a kira majalisa aƙalla sau ɗaya a shekara uku, da wata cewa ba za a rushe wannan majalisa ba sai da yardarta. Babban mashawarcin sarki, Earl na Strafford, da tuhumarsa ta gagara tabbata, sai majalisa ta yi dokar kashe shi kai tsaye, aka sare kansa ranar 12 ga Mayu 1641. Mu lura da wannan: masu kiran a bi doka, da suka ga doka ba za ta ba su abin da suke so ba, sun kewaye ta.

A watan Oktoba aka yi tawaye a Ayaland. Kowa ya yarda a tura soja, amma wa zai riƙe ragamarsu? Pym da mutanensa na tsoron in aka ba sarki runduna, kansu zai fara juyowa da ita. Neman karɓe ikon soja daga hannun sarki kuwa sabon abu ne da ba shi da tushe a al'ada. A nan majalisa ta rabu. Da aka kawo Babban Koke mai jera laifuffukan mulkin Charles a Nuwamba, ƙuri'a 159 ce ta rinjayi 148. Mutane irin su Edward Hyde, waɗanda suka yi adawa da kuɗin jirgi, suka koma bayan sarki, suna ganin yanzu majalisa ce ke wuce gona da iri.

Ranar 4 ga Janairu 1642 Charles ya shiga zauren Wakilai da kansa, ya bar mutane ɗauke da makamai a bakin ƙofa, don kama wakilai biyar: Pym, Hampden, Holles, Haselrig da Strode. An riga an tsegunta musu, sun sulale ta kogi. Sarki ya tambayi kakaki, William Lenthall, inda suke. Kakakin ya durƙusa ya amsa da ladabi cewa a wannan wuri shi bawan majalisa ne, ba ya gani ko magana sai yadda ta umarce shi. Bayan kwana shida sarki ya bar Landan. Ranar 22 ga Agusta ya kafa tutar yaƙi a Nottingham.

Ba za mu bi fagagen fama ɗaya bayan ɗaya ba. Abin lura shi ne dalilin nasarar majalisa: tana riƙe da Landan, da rundunar ruwa, da manyan tashoshin jiragen ruwa, wato inda kuɗi suke. Ta ƙulla ƙawance da Sikotland a 1643, ta yi nasara a Marston Moor a 1644, ta kafa sabuwar runduna ƙarƙashin Thomas Fairfax da Oliver Cromwell, wadda ta karya sojojin sarki a Naseby ranar 14 ga Yuni 1645. Don ɗaukar nauyin yaƙin, majalisa ta ɗora haraji wanda ya fi kuɗin jirgi nauyi nesa ba kusa ba, har ya kai ga nama da gishiri, ta kuma tsare mutane ba shari'a. Masana na ƙiyasta cewa yaƙe-yaƙen da cututtukan da suka biyo su sun ci rayuka kusan 200,000 a Ingila, ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 5 da wani abu ba.

Gudun gara, gidan zago

Da yaƙi ya lafa, majalisa ta so sallamar sojoji ba tare da biyan bashin albashinsu ba, alhali mahaya dawaki na bin na mako 43, dakarun ƙasa na mako 18. Sojoji suka ƙi watsewa, suka ƙwace sarki daga hannun majalisa a 1647, suka zama ɓangare na uku a rikicin. A muhawarar da suka yi a Putney a ƙarshen shekarar, Kanar Thomas Rainsborough ya kawo hujjar cewa matalaucin da ya fi kowa talauci ma yana da rayuwar da zai yi, don haka bai kamata a mulke shi ba tare da yardarsa ba. Henry Ireton, surukin Cromwell, ya ce zaɓe na masu dukiyar da ta kafu a ƙasa ne. Ra'ayin Ireton ne ya ɗore har fiye da ƙarni biyu.

Charles ya yi ta wasa da hankalin ɓangarorin, har ya jawo yaƙi na biyu a 1648. Ranar 6 ga Disamba Kanar Thomas Pride ya tsaya da sojoji a ƙofar majalisa, ya hana wakilai sama da 100 shiga, ya tsare kimanin 45. Ragowar ne suka kafa kotun da ta yi wa sarki shari'a, ba tare da yardar Majalisar Dattawa ba. Charles ya ƙi amsa tuhuma, yana tambayar da wane iko aka gurfanar da shi, yana kuma cewa in ƙarfi zalla zai iya sauya doka, to ba wani talaka da ransa ko dukiyarsa za su tsira. Maganar gaskiya ce, ko da yake ta fito daga bakin wanda ya ɗaure mutane ba tare da faɗin laifinsu ba. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisa, aka sare kansa a Whitehall ranar 30 ga Janairu 1649.

Aka soke sarauta da Majalisar Dattawa, Ingila ta zama jamhuriya. Amma an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Ranar 20 ga Afrilu 1653 Cromwell ya shiga zauren da sojoji, ya kori wakilai, ya sa aka ɗauke sandar majalisa. Abin da Charles ya gwada ya kasa, shi ya aikata. Ya zama shugaban ƙasa mai lakabin Majiɓinci, ya rushe majalisun da shi ya kira, ya kuma raba ƙasar ga manyan hafsoshi daga 1655 zuwa 1657. Ya rasu a 1658, ɗansa Richard ya kasa riƙe sojoji, a watan Mayun 1660 kuma aka dawo da ɗan sarkin da aka kashe, Charles na Biyu.

Yadda aka kai ga daidaito

Dawowar sarauta ba ta dawo da kuɗin jirgi ko Star Chamber ba, amma tsugune ba ta ƙare ba. Charles na Biyu ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Sarki Louis na 14 na Faransa a 1670, yana karɓar kuɗi daga wurinsa. A 1679 majalisa ta yi dokar da ta ƙarfafa haƙƙin wanda aka tsare na a kai shi gaban alƙali. Yunƙurin hana ƙanensa James gadon sarauta saboda shi Katolika ne ya haifar da ɓangarori biyu, Whig da Tory, kakannin jam'iyyun siyasar ƙasar. Daga 1681 har ya rasu a 1685 Charles bai sake kiran majalisa ba, domin kuɗi na isarsa.

James na Biyu ya samu majalisa mai biyayya wadda ta ba shi kuɗin shiga masu yawa na tsawon rayuwarsa. Kafin shekarar ta ƙare ya dakatar da ita, bai sake kiranta ba. Tsoron wakilan 1610 ya tabbata. Ya riƙe babbar runduna, ya kuma jingine dokokin da suka hana Katolika da sauran masu saɓanin ɗarika riƙe muƙami. Adalci ya sa mu faɗa wa ɗalibai cewa a nan sarki ne ke neman sassauci a addini, majalisa ce ta kafa dokokin wariya. Amma in sarki na iya jingine mummunar doka da bakinsa, zai iya jingine kyakkyawa. A watan Yunin 1688 aka haifa masa ɗa namiji, kotu ta wanke bishop bakwai da ya gurfanar, manyan ƙasa bakwai kuma suka gayyato surukinsa, William na Orange, daga Holan. William ya sauka da runduna ranar 5 ga Nuwamba, James ya tsere Faransa.

A 1689 aka ba William da matarsa Mary sarauta tare da Dokar Haƙƙoƙi: sarki ba zai jingine doka ba, ba zai karɓi haraji ba, ba zai riƙe runduna a lokacin zaman lafiya ba, sai da yardar majalisa, abin da aka faɗa a zauren majalisa kuma ba a tuhumarsa a kotu. To, amma an taɓa rubuta irin wannan a 1628, aka taka. Me ya sa wannan karon ta zauna? Saboda majalisa ta koyi darasi. Ta ba William kuɗin fito na shekara huɗu kacal. Dokar ladabtar da sojoji ta mai da ita ta ɗan lokaci, sai an sabunta. Yaƙin da aka shiga da Faransa ya sa sarki na bukatar kuɗi kowace shekara, majalisa kuma ta riƙa ƙayyade abin da za a yi da su, ta kafa masu binciken asusu. A 1694 aka kafa Bankin Ingila a kan rancen fam miliyan 1.2 da aka ba gwamnati, masu kuɗi suka yarda su bayar don majalisa ce ta tsaya wa bashin. Dokar gadon sarauta ta 1701 ta tanadi cewa ba za a tuɓe alƙali don son ran sarki ba. Tun daga 1689 ba shekarar da ta wuce majalisa ba ta zauna ba, kuma tun 1708 ba mai sarautar da ya ƙi sa hannu a dokar da ta zartar. Abin da takobi ya kasa tabbatarwa, kasafin shekara-shekara ya tabbatar.

Abin da za mu kai aji

Kada mu bari ɗalibai su ɗauka wannan nasarar dimokuraɗiyya ce. Majalisar da ta yi rinjaye ta masu filaye da attajirai ce. Ba a fara faɗaɗa 'yancin zaɓe ba sai 1832, Katolika ba su shiga majalisa ba sai 1829, mata kuwa sai 1918 wasunsu suka fara jefa ƙuri'a. Akwai kuma abin da ya shafi nahiyarmu kai tsaye. Kamfanin Royal African Company, wanda aka ba izinin sarauta a 1672, kuma James na Biyu ya shugabanta tun yana yarima, shi kaɗai ke da ikon cinikin bayi na Ingila a gaɓar Afirka ta Yamma. A 1698 majalisa ta buɗe wannan ciniki ga sauran 'yan kasuwar ƙasar, safarar kuma ta ƙaru. Waɗanda suka yi yaƙi don kada a taɓa musu sule 20 ba tare da yardarsu ba, jikokinsu ba su ga aibin sayen mutum ba.

Duk da haka, ƙa'idojin da suka fito daga rikicin sun fi masu su faɗi, kuma sun iso gare mu. Tsarin mulkin da Nijeriya ta karɓi 'yanci da shi a 1960 irin na majalisar Ingila ne. Mun koma tsarin shugaban ƙasa a 1979, amma mabuɗin baitulmali ya zauna a hannun majalisa: sashe na 80 na tsarin mulkin 1999 ya hana fitar da kuɗi daga asusun gwamnatin tarayya sai da izinin doka. Sandar da ake ajiyewa a gaban kakaki ita ma daga can ta samo asali.

Shawararmu ita ce mu rage wa ɗalibai haddar sunaye, mu ba su tambayoyi uku da za su riƙa yi wa kowane zango na labarin: wa ke da ikon karɓar kuɗi, wa ke da ikon sarrafa soja, wa ke da ikon cewa an shiga haɗari? Za mu iya raba aji gida biyu, wasu su zama lauyoyin sarki, wasu na Hampden, mutum 12 su zauna a matsayin alƙalai, kowa ya kare hukuncinsa. Yaron da ya taɓa tsayawa ya kare hujjar sarki da gaske, sannan ya ji inda ta yi rauni, ya fi wanda aka ce wa sarki azzalumi ne kawai fahimta. Mu kuma nuna musu 1642 da 1653 gefe da gefe, su gani da idonsu cewa mai rawani da mai kakin soja da ma ita kanta majalisar, kowannensu ya taka doka a ranar da ya ga ba mai iya tsayar da shi.

 Yanzu fili naku ne, domin tambaya da gyara da ƙarin bayani.